Haɗaka ko kowa da tasa: wace takardar haraji ta fi wa ma'aurata a Amurka?

A saman fom 1040, takardar harajin shekara ta Amurka, tun kafin hukumar haraji ta IRS ta tambaye ka nawa ka samu a bara, sai ta fara tambayar matsayinka na aure. Akwatuna biyar ne a wurin, amma uku ne ke shafar mai iyali. Akwai na haɗaka, inda miji da mata ke cike takarda guda. Akwai na kowa da tasa, wanda fom ɗin ya taƙaita da MFS. Sai na mai riƙe da gida, wato HOH, wanda mai aure ba ya samunsa sai da sharuɗɗa. Mutanenmu da yawa a Bronx da Houston da sauran garuruwa sukan bar wa mai cike musu takarda ya zaɓa, alhali tsakanin akwati da akwati akwai dubban daloli, kuma akwai alhakin da sa hannu ke ɗora wa mutum.

Matsayinka na ranar 31 ga Disamba shi ne na shekarar baki ɗaya. Wanda aka ɗaura wa aure a makon ƙarshe na Disamba mai aure ne a idon IRS tun daga Janairu. Mai aure kuma ba shi da damar zaɓar akwatin marar aure, ko da matar tana Kano ko Damagaram ba ta taɓa taka Amurka ba.

Alƙaluman da zan yi aiki da su na shekarar haraji ta 2025 ne, kuma na gwamnatin tarayya kaɗai. Harajin jiha lissafinsa daban: Teksas ba ta karɓar harajin albashi, mazaunin birnin Niyok kuwa yana biyan na jiha da na birni.

Abu biyu ne ke sauyawa da akwatin da ka zaɓa. Na farko shi ne kason da ake cirewa daga kuɗin shigarka kafin a fara lissafi: dala 15,750 ga marar aure da mai takardar kansa, 31,500 ga haɗaka, 23,625 ga mai riƙe da gida. Na biyu matakan harajin ne. Mai takardar kansa yana biyan kashi 10 cikin 100 har zuwa dala 11,925, kashi 12 har zuwa 48,475, kashi 22 har zuwa 103,350. A haɗaka an ninka waɗannan iyakoki daidai wa daida: 23,850, sai 96,950, sai 206,700. Tunda ninki ne kawai, ribar haɗaka a matakan haraji tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin samun miji da na mata, ba daga auren kansa ba.

A ce miji na karɓar albashin dala 60,000, matar ba ta aiki, suna zaune tare da 'ya'ya biyu 'yan ƙasa da shekara 17. A haɗaka za a cire 31,500, saura 28,500, haraji ya kama dala 2,943. Rangwamen yara na 2,200 kan kowane yaro, jimla 4,400, ya shafe wannan, har a mayar musu da ragowar 1,457. Ga kuma tallafin masu ƙaramin ƙarfi da ake kira EITC, wajen dala 930. Idan mijin ya cike tasa shi kaɗai, 15,750 kawai za a cire, haraji ya haura zuwa kusan 5,072, bayan rangwamen yara ya rage yana da biyan 672, kuma EITC ya tafi. Bambancin ya haura dala 3,000 a gida ɗaya da albashi ɗaya.

To a ce kowannensu na samun 50,000. A haɗaka haraji 7,743 ne. A rarrabe kowa zai biya 3,871.50, idan aka haɗa 7,743 ɗin ne dai. Ko sisi babu bambanci. Irin waɗannan ma'aurata su ne ke da zaɓi na gaskiya, domin abin da zai yanke musu hukunci yana wajen matakan haraji.

Abin da mai takardar kansa ke rasawa yana da yawa, kuma da gangan majalisar dokoki ta tsara shi haka. Ban da EITC, ba ya samun rangwamen kuɗin makarantar gaba da sakandare, wanda ke kaiwa dala 2,500 kan kowane ɗalibi. Ba ya cire kuɗin ruwan bashin karatu. A mafi yawan lokuta ba ya samun rangwamen kuɗin renon yara, haka ma tallafin inshorar lafiya ta kasuwar gwamnati da aka sani da Obamacare, wanda iyalai da dama ba su ankara sun dogara da shi ba sai ranar da aka ce su mayar. Idan ɗaya ya zaɓi ya jera ɗawainiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya maimakon karɓar kason nan na 15,750, ɗayan ma ya rasa nasa kason, dole shi ma ya jera ko da ba shi da abin jerawa. Sassauci ɗaya aka yi tun daga 2021: wanda ya rabu da abokin zamansa, ba su zauna gida ɗaya ba a watanni shida na ƙarshen shekara, kuma yaro na hannunsa, yana iya neman EITC ko da ba a yi saki a kotu ba.

Duk da haka akwai gidajen da zan ce su rarraba, kuma babban dalili shi ne sa hannu. Duk wanda ya sa hannu a takardar haɗaka ya ɗauki nauyin harajin baki ɗaya, har da tara da kuɗin ruwa, ba rabinsa ba. Daidai yake da tsaya wa mutum lamuni a kasuwa: ranar da aka neme shi aka rasa, kai za a kama. A ce miji yana tuƙin tasi ko Uber, ko yana da shago, yana ɓoye wani ɓangare na cinikinsa ko yana ƙara ɗawainiyar ƙarya. Matar kuma ma'aikaciyar jinya ce da ake cire mata haraji tun daga albashi. Idan bincike ya biyo baya bayan shekara biyu ko uku, IRS na iya bin albashinta da asusunta na banki, ko da aure ya mutu, ko da takardar saki ta ce mijin ne zai biya. Akwai fom 8857 na neman a wanke wanda bai san abin da aka yi ba, amma sai an nuna hujja, kuma ba kowa ake ba wa ba. Mu da muka taso kan cewa dukiyar mace tata ce, ciyarwa kuma tana wuyan miji, ya kamata mu fi kowa lura da wannan. Takardar haɗaka ba ta san wannan rabo ba. Mace mai albashi wadda ba ta taɓa ganin lissafin kasuwancin mijinta ba, tana da haƙƙin ta karanta kafin ta sa hannu, kuma idan an hana ta gani, asarar 'yan ɗaruruwan daloli a takardar kanta ta fi mata arha.

Sauran dalilan ƙanana ne. Mai bashin karatu na gwamnati da ke biya gwargwadon samunsa, a tsari irin IBR, idan ya cike tasa shi kaɗai ba a haɗa albashin matarsa wajen yanka masa biyan wata. Wanda ya yi jinya mai tsada yana cire abin da ya haura kashi 7.5 cikin 100 na kuɗin shigarsa, kuma haura wannan iyaka ya fi sauƙi da albashi ɗaya. Idan kuwa matsalar tsohon bashi ce a kan ɗaya, kamar kuɗin ciyar da 'ya'yan tsohon aure ko tsohon haraji, ba sai an rarraba ba. Ana iya yin haɗaka a haɗa da fom 8379, mai tsare wa ɗayan kasonsa na kuɗin da za a mayar.

Mazauna jihohi tara, ciki har da Teksas, Kalifoniya, Arizona da Washinton, su yi hattara. A can doka na ɗaukar abin da aka samu cikin aure a matsayin na mutum biyu, don haka ko an rarraba takarda kowa zai rubuta rabin samun ɗan'uwansa, da fom 8958. Wannan na rage amfanin rarrabawa ƙwarai.

Idan iyali suna gida

Nan ne lamarin ya fi shafar mutanenmu, nan ne kuma aka fi tafka kuskure. Magidanci yana aiki a Amurka, uwargida da yara suna Najeriya, Nijar ko Gana, ana jiran biza. Hanya uku ce a gabansa.

Ta farko, wadda doka ke ɗora shi a kai idan bai yi komai ba, ita ce takardar kansa a matsayin mai aure. Da albashin 60,000 zai biya 5,072 ɗin nan. Babu wahalar takardu, kuma harajin ba ya shafar kuɗin shigar matar.

Ta biyu, su biyun su rubuta sanarwa su sa hannu cewa sun zaɓi a ɗauki matar kamar mazauniyar Amurka a sha'anin haraji, sai su yi haɗaka. Haraji ya sauko zuwa 2,943, an tsira da kusan dala 2,129 a shekara. Sai dai matar na bukatar lambar haraji ta ITIN, wadda ake nema da fom W-7 tare da takardar harajin. Ana aika fasfonta na asali, ko kwafin da hukumar da ta ba da shi ta tabbatar, zuwa ofishin IRS na Austin, ko a bi ta hannun wakilin da IRS ta amince ya tantance takardu. Abin kan ɗauki makonni bakwai, ya fi haka a lokacin cunkoso. Sharaɗi mafi nauyi shi ne duk abin da matar ta samu a ko'ina a duniya ya shiga takardar: albashinta, ribar kasuwancinta, kuɗin hayar gidan da ta gada. Ga malamar makaranta mai albashin naira ko sefa, idan aka juya shi zuwa dala bai taka kara ya karya ba, kuma akwai fom 2555 da 1116 na rage harajin abin da aka samu a waje. Ga hajiya mai babban kasuwanci kuwa sai an zauna an yi lissafi, musamman da yake babu yarjejeniyar harajin kuɗin shiga tsakanin Amurka da Najeriya ko Nijar. Wannan zaɓi yana ci gaba da aiki shekara bayan shekara, kuma idan aka soke shi ba a sake yinsa har abada. Haɗaka da mai ITIN kuma ba ta ba da EITC, domin shi sai kowa na da lambar Social Security, wadda ake ba 'yan ƙasa da masu izinin aiki.

Ta uku ta mai riƙe da gida ce, kuma ita ce aka fi zalunta. Wanda matarsa baƙuwa ce mazauniyar waje yana iya zaɓar wannan akwati, amma sai in akwai wani da ya cancanta, ba matar ba, kamar ɗansa da ya zauna tare da shi fiye da rabin shekara, kuma shi ya biya fiye da rabin ɗawainiyar gidan. Idan haka ne, harajin 60,000 zai zama 4,025 kafin rangwamen yaro. Ya fi haɗaka tsada da dala 1,082, amma bai jawo matar cikin lissafin IRS ba. Idan yaran duk suna can tare da uwarsu, wannan ƙofa a rufe take, duk abin da mai cike takarda zai faɗa. Wasu masu wannan sana'a sukan sa wa mutum wannan akwati, ko su ƙara masa yaran da ba sa hannunsa, don kuɗin da za a mayar ya yi kauri su ma su sami nasu. Wanda aka kama da sakaci a kan EITC ko rangwamen yara ana hana shi shekara 2, wanda aka kama da zamba shekara 10. Sannan takardun haraji suna bin mutum zuwa hukumar shige da fice. Wanda ke neman a kawo masa matarsa zai gabatar da su tare da fom I-864 na ɗaukar nauyinta, kuma ba ƙaramin abin kunya ba ne a ga ya rubuta wa wata hukuma yana da aure, ya rubuta wa wata ba shi da shi.

A ganina, ga mai matsakaicin albashi wanda matarsa ba ta da wani babban samu kuma ana shirin ta taho, hanya ta biyu ta fi. Wahalar W-7 ta shekarar farko ce, ribar kuwa duk shekara.

Game da waɗanda mutum ke ɗauke da su, dokar Amurka tana da ƙunci. Kafin a lissafa maka wani, sai ya kasance ɗan ƙasa, ko mazaunin Amurka, Kanada ko Meziko. Mahaifiyar da kake aika wa kuɗin cefane duk wata a Katsina, ƙannen da kake biya wa makaranta a Maraɗi, marayun wanka da ke wuyanka, babu ko ɗaya da zai rage maka dala guda. Idan mahaifiyar tana Amurka da izinin zama, kai ke ɗauke da fiye da rabin bukatunta, kuma samunta bai kai 5,200 a shekara ba, rangwamen dala 500 ne. Daga Janairun 2026 ma an ɗora harajin kashi 1 cikin 100 a kan kuɗin da ake aikawa waje idan da tsabar kuɗi aka biya a kanti, ban da wanda ya fita daga asusun banki ko kati.

Ina adalcin yake?

Wannan tsari ba a rana ɗaya aka gina shi ba. A 1930 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Poe da Seaborn, cewa ma'aurata a jihohin da ke raba dukiyar aure biyu suna iya raba kuɗin shigarsu biyu su biya haraji kaɗan. Sauran jihohi suka ga ana cutarsu, wasu har suka fara sauya dokokinsu, sai majalisa ta ba kowa haɗaka a 1948. Aka ƙirƙiro matsayin mai riƙe da gida a 1951. Marasa aure suka yi ta ƙorafi, har dokar 1969 ta rage musu, kuma daga nan aka fara samun ma'auratan da aure ke ƙara wa haraji. Matsalar ta lissafi ce. Ba zai yiwu a lokaci guda a ce mai samu da yawa ya biya kaso mafi girma, gidaje biyu masu samu ɗaya su biya daidai, kuma aure kada ya sauya harajin kowa ba. Dole a saki ɗaya. Birtaniya ta koma lissafa kowa shi kaɗai a 1990, kamar yadda ake cire wa ma'aikaci haraji a Najeriya ba tare da duba albashin matarsa ba. Faransa tun 1945 take raba samun gida bisa yawan mutanen cikinsa. Amurka ta tsaya a tsakiya, tana faci.

Dubi wanda facin ya rufe da wanda ya bari a waje. Marar aure mai albashin 120,000 yana biyan 17,867. Ya auri wadda ba ta aiki, haraji ya koma 10,143. Aure ya ba shi dala 7,724. Yanzu ɗauki bazawara mai 'ya'ya biyu da ke samun 30,000 a aikin kula da tsofaffi. A matsayin mai riƙe da gida ba ta biyan komai, ana ma ba ta kusan 9,150 tsakanin rangwamen yara da EITC. Mai neman aurenta shi ma 30,000 yake samu, yana biyan 1,472. Kafin aure, idan aka haɗa, suna da rarar kusan 7,680. Bayan aure sun zama gida mai 60,000, abin da za a ba su kusan 2,390 ne. Sun yi asarar wajen dala 5,300, kusan kashi 9 cikin 100 na duk abin da suke samu, kuma rarraba takarda ba zai cece su ba, sai ma ya ƙara. Dalili shi ne iyakar EITC ba a ninka ta ga ma'aurata ba: ga mai 'ya'ya biyu tana ƙarewa a 57,310, a haɗaka kuma 64,430. Dokar 2017 ta ninka kusan dukkan matakan haraji ga ma'aurata, ta bar wannan yadda yake. Ni ban ga yadda za a kira wannan adalci ba, kuma ya fi ciwo ga al'ummar da zaman tare ba aure ba hanya ba ce a wurinta.

Haka abin yake ga matar da ke son fara aiki. A haɗaka dalarta ta farko tana hawa ne a kan ta ƙarshe ta mijinta, don haka ana cire mata a matakin da shi ya tsaya, ga harajin fansho da lafiyar tsofaffi, wato Social Security da Medicare, na kashi 7.65, ga kuɗin reno. Wannan ba hujjar zama a gida ba ce, domin shekarun aikinta su ke gina mata haƙƙin fansho na kanta, amma gara a san lissafin tun kafin albashin farko, a gyara fom W-4, mai nuna nawa za a cire daga albashi, a wurin aikin kowa don kada Afrilu, watan miƙa takardar haraji, ta zo da bashi.

Idan zan taƙaita wa mai tambaya: kuna tare a Amurka, ɗaya ya fi ɗaya samu sosai, lissafin kowa a buɗe yake, ku yi haɗaka. Samunku ya yi kusa da juna kuma akwai bashin karatu ko jinya mai nauyi, ku sa a lissafa muku ta hanya biyun kafin ku zaɓa. Kowace manhajar haraji tana iya wannan, haka ma cibiyoyin VITA da ke cike wa masu ƙaramin samu kyauta. Akwai shakka kan gaskiyar lissafin ɗaya, ko aure na tangal-tangal, kowa ya cike tasa. Mai shakka yana da wata kariya a doka: wanda ya rarraba yana da shekara uku ya gyara da fom 1040-X ya koma haɗaka a mayar masa da bambancin, amma wanda ya yi haɗaka ba ya komawa rarrabe da zarar 15 ga Afrilu ta wuce.